Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Makon jiya na yi alkawarin ba ku labarin dawowata Zariya, amma akwai abin da ya tokare min ƙirji. Inna, Allah Ya jiƙanta, takan ce ruwa ba ya tsami banza. Yaro ɗan shekara 12 da hawan jini, a yi ta ɗirka masa ƙwayoyi shekara da shekaru, ba a samu wanda zai sa yatsa a matsematsinsa ya ji bugun jijiya ba. Har yau abin yana ci min rai.

Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ce ta tsuke, daidai bayan reshen da ke kai jini hannun hagu. Jini ya taru a sama, ƙafafu su samu ragowa. A gwada hawan jini a hannun dama, a gwada a ƙafa. In hannu ya fi da maki 20 ko fiye, a nemi hoton zuciya.

A ɗakin aikin da na koya, ba a tsaga ƙirji. Allura ake sokawa a jijiyar matsematsi, a zura siririyar waya, a bi ta da bututu har wajen matsewar, a ba da hefarin don kada jini ya daskare. Sai a auna ƙarfin jini sama da ƙasan wurin, a feso ruwan da ke fitowa a hoto, a auna faɗin jijiya. Daga nan a zura ɗan balan-balan a hura shi a wurin matsewar don ya buɗe ta. Ƙa'ida ita ce balan-balan kada ya wuce faɗin jijiyar a daidai shamakin ƙirji da ciki. Wanda ya yi zari ya hura babba, bangon jijiya zai tsage ko ya yi ƙulli daga baya. In yaro ya kai kilo 25, an fi son a bar masa ragar ƙarfe a cikin jijiyar don ta riƙe ta a buɗe. In wurin ya tsuke ƙwarai, raga mai lulluɓi. Jarirai kuwa tiyata ta fi musu, don nasu yakan sake tsukewa bayan balan-balan. Tun 1944 aka fara wannan tiyatar a Suwidin.

Bayan an zare bututu a danne wurin allurar, yaro ya kwanta ƙafa a miƙe awa 4 zuwa 6. Ana taɓa bayan ƙafar a kai a kai. In ta yi sanyi, bugun ya ɓace, jini ya toshe hanya, a kira likita nan take.

Ruwa ba ya tsami banza, in ji Inna. Da na dawo, ɗalibai a Tudun Wada suna min dariya wai Anti mai taɓa ƙafa. Wasu ko an buɗe jijiyar hawan jinin ba ya tafiya gaba ɗaya, don haka sai awo da hoto lokaci-lokaci har tsufa. Asfirin na wata 6 kuwa don kada jini ya daskare a ragar ne.

Labarin tashar Kwangila sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.