Asabar: gyaran mitar tsohuwar Honda

Yau na kai motar wurin mai gyaran wayoyin lantarkin mota a kan matsalar mitocin da ke gaban sitiyari, waɗanda suka daɗe suna yi mini wasa da hankali. Motar Honda Accord ce ƙirar 1996 mai giyar otomatik, kuma allurar gudunta takan kwanta a kan sifili alhali ina tsakiyar titin Zariya, sai idan na bugi saman dashbod da tafin hannu ta zabura ta tashi. Allurar zafin inji ma ta fara bin sahunta, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin a watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, wanda kuwa ya shiga cunkoson Kantin Kwari ba tare da sanin halin da ruwan lagireto yake ciki ba, yana iya ƙona gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, kafin ya ga hayaƙi.

Shawarar da kowa ya ba ni ita ce in je Ƙofar Ruwa in sayo wata mitar 'yar Beljiyam a ɗora, a huta. Mai gyaran, wanda dattijo ne mai ƙarancin magana, bai yarda da wannan ba. Ya ce, "Alhaji, bari mu san inda ciwon yake kafin a sayi magani." Ya fara da duba fiyus, sannan ya bi wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, wadda idan ta yi tsatsa takan sa allurai duka su rikice a lokaci guda. Daga nan ya tambaye ni ko giya tana shiga daidai, kuma ko fitilar D4, wadda ke nuna an sa giyar tafiya gaba, ta taɓa yin ƙyafta-ƙyafta. Da na ce masa lafiya lau take shiga, sai ya bayyana mini cewa wannan ƙirar ba ta da igiyar nan mai juyawa da ke tasowa daga giyabos zuwa mita irin ta Peugeot 504. Na'ura ce ƙarama a jikin giyabos take aika saƙon lantarki, kuma saƙon nan ne kwamfutar giya take amfani da shi. Da na'urar ce ta mutu, da giyar ma ta nuna alama. Tunda kuwa duka da hannu yana farfaɗo da allurar, laifin yana cikin mitar kanta.

Ya cire kan batir, ya kwance ƙusoshin murfin, ya zaro akwatin mitar a hankali saboda robar ta bushe da rana har tana neman karyewa. Da ya buɗe bayanta a kan benci ya miƙo mini gilashin ƙara girma, sai ga abin a fili: dalmar da ta riƙe ƙafafun soket a jikin koren allon lantarkin mitar ta tsage, kowace ƙafa da siririn zobe kewaye da ita kamar faso a diddige. Zafin rana da sanyin hunturu suna sa dalma ta buɗe ta tsuke shekara da shekaru, ramukan titi kuma su ƙarasa aikin. Ya goge ƙurar da buroshi, ya narka sabuwar dalma a kan kowace ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma hana yaronsa taɓa allurai, domin idan aka zare allura aka mayar da ita a karkace, mitar za ta riƙa faɗin ƙarya har abada.

Yana cikin aikin na aiki yaron nasa zuwa Ƙofar Ruwa ya tambayo farashi, don in san abin da na tsallake. Ya dawo da labarin cewa akwai, amma wadda ya gani ta motar Amurka ce, manyan lambobinta mil ne. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, saboda haka mai ganin 80 a kanta yana gudun kusan kilomita 129 a awa, alhali iyakar da doka ta sa wa ƙananan motoci a babbar hanya 100 ce. Wata kuma ta mota mai giyar hannu ce, ba ta da fitilun da ke nuna P da R da D4. Abin da ya fi damuna shi ne lissafin tafiya: mitar da aka ciro daga wata mota tana zuwa da kilomitocin waccan motar, kuma ranar da na tashi sayar da tawa, zan nuna wa mai saye adadin da ba nata ba. Ga shi ita ma 'yar Beljiyam ɗin sa'ar tawa ce a shekaru, babu tabbacin dalmarta ba ta tsage ba.

Bayan sallar La'asar ya mayar da komai, ya sauya ƙananan ƙwayayen fitila da suka ƙone, muka fita gwaji ta Kabuga zuwa hanyar Gwarzo. Allurar gudu ta tashi sumul, na kuma gwada ta da ma'aunin gudu na wayar hannu, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ta zafi ta hau sannu a hankali ta tsaya ƙasa da tsakiya kaɗan, abin da ya ce yana nuna ba a cire wa injin tamostat, na'urar da ke daidaita zafin ruwansa, ba, kamar yadda wasu makanikai suke yi da sunan maganin zafi.

Ta mai ce kaɗai ba ta gyaru ba, har yanzu tana maƙalewa a rabi. Ya ce wannan ba laifin mita ba ne, abin da ke yawo a kan mai a cikin tanki ne ya cinye, kuma ba zai buɗe tanki cike da fetur a cikin wannan rana ba. Mun yi da shi zan dawo da sassafe idan man ya yi ƙasa, kafin nan zan ci gaba da lissafin mai da ƙaramin ma'aunin kilomita, ina mayar da shi sifili duk lokacin da na sha mai.