Abin da Jerin Sarakunan Sikotland Ya Koya Mini

Jerin sunayen sarakuna abu ne mai yaudara. Ga suna, ga shekarar hawa, ga shekarar rasuwa, sai na gaba ya biyo, kamar kowa ya jira lokacinsa cikin natsuwa. Da muka zo kan gadon sarautar Sikotland a darasin tarihin Turai, malaminmu ya sa mu zana salsalar gidan a takarda, a gaban kowane suna mu rubuta yadda mai sunan ya mutu da wanda ya ci ribar mutuwarsa. Wannan aikin ya sauya mini yadda nake karanta tarihin kowace masarauta. Yanzu tambayar da nake fara yi ita ce: wa aka rufe wa ƙofa kafin wannan ya shiga?

Kenneth MacAlpin, wanda ake ɗauka tushen gidan, ya rasu a 858. Bayansa zuriyar 'ya'yansa biyu, Constantine da Aed, suka yi ta karɓa-karɓa har fiye da shekara ɗari. Sarauta ba ta sauka kan ɗan sarki kai tsaye, takan koma wurin ƙane ko ɗan baffa, babban mutum da zai iya jan runduna. Wanda ya san yadda sarautar Zazzau ke zagayawa tsakanin gidaje ba zai ga baƙon abu a nan ba. Akwai hikima a ciki, domin lokaci ne da mahara daga arewacin Turai ke afka wa ƙasar ta teku, kuma yaro ba ya tare irin wannan. Sai dai mai jiran gado yana da nasa mayaƙan, kuma jira na da wuya. An kashe Constantine na III a 997. Kenneth na III da ya gaje shi, shi ma Malcolm na II ya kashe shi a 1005.

Malcolm ɗin nan ya yi mulki har 1034, sarauta kuma ta faɗa hannun jikansa Duncan, ɗan 'yarsa. A nan ne aka karya karɓa-karɓa, kuma daga nan labarin Macbeth ya samo asali. Wasan kwaikwayon Shakespeare ya sa duniya na kallonsa a matsayin maci amana da ya yanka tsohon sarki yana barci. Bayanan da suka fi kusa da zamanin sun nuna wani abu dabam. Duncan ba tsoho ba ne, kuma a fagen fama ya faɗi a 1040, kusa da Elgin, cikin yankin Moray inda Macbeth ke da iko. Matar Macbeth, Gruoch, jinin sarauta ce. Macbeth ya gaji Duncan, ya yi shekara 17 a kan karaga, har ya samu sukunin tafiya ziyarar ibada Rum a 1050, inda aka ce ya yi ta rabon kuɗi ga matalauta. Sarkin da ƙasarsa ke tafasa ba ya irin wannan doguwar tafiya. Ɗan Duncan, Malcolm na III, ya kashe shi a Lumphanan a 1057, sarakunan da suka biyo baya kuma galibinsu zuriyar wannan Malcolm ne. Marubutan da suka ci abinci a fadarsu ba su da dalilin yi wa Macbeth adalci. Tun daga nan, duk inda na ga an kira wani ɗan ƙwace, sai na nemi sanin a fadar wa aka rubuta hakan.

Da Malcolm na III ya faɗi a yaƙi kusa da Alnwick a 1093, tsohon tsari da sabo suka yi karo. Ƙanensa Donald ya hau bisa al'adar da aka gada, 'ya'yan marigayin kuma suka nemi taimakon Ingila. Babbansu, Duncan na II, ya ƙwace a 1094, aka kashe shi a shekarar. Wani ɗan nasa, Edgar, ya zo da goyon bayan Ingila a 1097, aka kama Donald aka makantar da shi. A hankali tsarin ɗan fari ya kafu, har a 1153 aka naɗa Malcolm na IV yana ɗan shekara 12.

Littattafai sukan yabi wannan sauyi, su ce ya kawo kwanciyar hankali. Gaskiya ne, amma wasu ne suka biya kuɗinsa. Zuriyar Duncan na II, gidan MacWilliam, suna ganin su ne manya a jini, suka yi ta tawaye daga arewa, ɗa bayan uba. An kashe Donald MacWilliam a 1187, na bayansa ma haka. A wajen 1230 aka gama da gidan, kuma wani kundin tarihi na wancan zamani ya kawo yadda aka yi: jaririya ce ta rage, aka kai ta kasuwar garin Forfar, aka buga kanta a jikin ginshiƙin kasuwa a gaban jama'a. Ba ta yi tawaye ba, ba ta ma fara magana ba. Laifinta jinin da ke jikinta. Sunanta ba ya cikin jerin sarakuna, ga shi kuma jerin bai miƙe ba sai da aka kawar da ita. Wannan shafin ya fi kowane tsaya mini a rai, kuma har yau ba na iya karanta yabon zaman lafiyar ƙarni na 13 ban tuna da ita ba.

Tsarin ɗan fari ma yana da nasa ramin. A watan Maris na 1286 Alexander na III ya faɗo daga kan doki da dare kusa da Kinghorn ya rasu, 'ya'yansa uku duk sun riga shi. Magajiyarsa jikarsa ce Margaret, 'yar sarkin Norway, ita ma ta rasu a Orkney a 1290 tana hanyar zuwa, tana da shekara 7. Mutum 13 suka fito neman sarauta. Manyan biyu, John Balliol da Robert Bruce, dukansu zuriyar David ne, ƙanen Malcolm na IV, mai riƙe da sarautar Earl na Huntingdon. Balliol jikan babbar 'yarsa ne, Bruce ɗan 'yarsa ta biyu. Ɗaya na cewa ɗakinsa ne babba, ɗaya na cewa ya fi kusa da tushe da tsani guda, kuma kowace hujja tana da ƙarfi. Abin da ƙasar ta rasa shi ne wanda dukkansu za su yarda da hukuncinsa a cikin gida. Sai suka kira Edward na I, sarkin Ingila. Idan bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Kafin ya saurari kowa sai da ya sa masu neman suka amince shi ne ubangidan Sikotland. Ya ba Balliol a 1292, a 1296 ya zo da runduna ya tuɓe shi, ya kwashe dutsen da ake naɗa sarakuna a kai daga Scone zuwa Landan. Sai 1996 aka mayar da shi Sikotland.

Jikan wancan Bruce, shi ma Robert, ya kashe abokin hamayyarsa John Comyn a cikin coci a Dumfries a 1306, aka naɗa shi bayan 'yan makonni, ya kuma ci Ingila a Bannockburn a 1314. Ana tuna shi a matsayin gwarzon 'yanci, kuma ya cancanta, amma rabin yaƙinsa da 'yan ƙasarsa ya yi shi, dangin Comyn da magoya bayan Balliol. Ya rasu a 1329 ya bar ɗa mai shekara 5, David na II. A 1332 Edward Balliol, ɗan sarkin da aka tuɓe, ya dawo tare da waɗanda Bruce ya ƙwace wa filaye, suka ci yaƙi a Dupplin Moor, aka naɗa shi a Scone. Shekara biyu bayan haka aka tsallakar da yaron sarki David na II zuwa Faransa don a tsira da ransa.