Yau a cikin Alhambra zan kwana

Laraba, Granada, ƙasar Sifen.

Sha ɗaya da rabi na dare kuma yanzu na idar da isha'i, garin nan a watan Yuni sai wajen tara da rabi rana take faɗuwa, mutum ya yi ta jiran magariba har ya gaji. Ƙafafuna kam sun yi tsami amma dole in rubuta na yau kafin in manta.

Mun taso daga Madrid a jirgin ƙasa da sassafe, kafin azahar mun iso. Yaya ne ya biya komai, ni ɗaliba ina na ga kuɗin wannan waje, da ya nuna min rasit ɗin kwana ɗaya sai da na ce Yaya anya Aunty ta san da wannan kuwa, ya ce Auta ki ci ki yi shiru. Otal ɗin sunansa Parador de Granada, na gwamnatin Sifen ne, kuma a cikin ganuwar Alhambra yake, wato tsohuwar fadar sarakunan musulmi ta Granada, ba kusa da ita ba fa, CIKI. Ɗakunan ba su wuce 40 da wani abu ba shi ya sa tun watanni baya ake kamawa.

To ga inda maganar take. Ginin nan asalinsa fada ce ta sarakunan Banu Nasr, musulman da suka mulki Granada, tun ƙarni na 14. Da garin ya faɗi a Janairun 1492, sarki Abu Abdullahi ya miƙa makullai, sai Sarauniya Isabella da mijinta Ferdinand suka ba wa 'yan ɗariƙar Faransiskan wajen suka mai da shi gidan ibadarsu, da coci da ɗakunan kwana. Wato inda muke jan akwati muna neman lambar ɗaki nan ne fada-fada, wato malaman coci, suke zagayawa suna addu'o'insu shekaru sama da 300. Tsakar gidan ma har yanzu tana nan da ginshiƙai hawa biyu da ɗan famfon ruwa a tsakiya.

Abin da ya fi tsaya min a rai wani ɗan lungu ne a ƙarshen tsohon cocin. Rufin cocin ya daɗe da rubzawa, yanzu fili ne kawai kana ganin sama, amma can ƙurya akwai wata ƙubba da ta rage tun ta fadar musulmai, da irin adon farar ƙasan nan mai zubowa kamar saƙar zuma, a ƙasa kuma wani shimfiɗaɗɗen dutse da rubutu. Nan aka fara binne Isabella. A Medina del Campo ta rasu a 1504, can arewa, amma ta bar wasiyya a kawo ta Granada a sa ta a kabari marar ado, aka ɗauko gawar aka yi ta tafiya da ita cikin ruwan hunturu. Mijin ya biyo ta a 1516 aka sa shi gefenta, sai 1521 aka kwashe su zuwa Capilla Real, cocin sarauta da ke cikin gari. Na daɗe a tsaye wlh, matar da ta kawo ƙarshen mulkin musulunci a Andalus, ta zo ta kwanta ƙarƙashin rufin da magina musulmai suka ƙawata da hannunsu, ga wani bature a bayana da gajeren wando yana tambayar matarsa ƙarfe nawa ake rufe kicin.

Da la'asar muka shiga fadojin Banu Nasr ɗin, tikitin da lokacinsa a rubuce, in ka makara shi ke nan, kuma sai da fasfo. Jama'a maƙil. Ko'ina a bango "wa la galiba illallah", Yaya ya yi ta karantawa da ƙarfi har mutane na waiwayowa. Ba zan ja wannan ba, hotuna sun ishe ku.

Wajen cin abincin dare ne muka yi musu. Muna zaune a barandar da ke kallon lambun Generalife, na riga na gaya wa mai kawo abinci ban da alade ban da giya ko a miya, aka kawo mana kifi da gazpacho, miyar tumatir ce mai sanyi, Yaya ya kurɓa sau ɗaya ya ture min wai shi ba ya shan miyar da ba ta ga wuta ba. Sai Umma ta kira a WhatsApp, na juya mata kyamara tana ta masha Allah, ina cewa ai da gidan fada-fada ne sai ta ce "au, a coci za ku kwana? To sallar fa?" Na ce Umma ɗakin tas yake babu gunki babu hoto, alƙibla ma na duba a waya. Ta ce to Allah ya tsare, ku dai yi addu'ar kwanciya.

Bayan ta kashe sai Yaya ya ce shi fa abin bai kwanta masa ba, ko da ba addininmu ba ne, waje ne da wasu suka ɗauka da tsarki yanzu ana sayar da barci a ciki. Na ce Yaya ai kai ka biya! Sannan ba otal ne ya kori kowa ba, gwamnati ce ta ƙwace gidajen ibada irin wannan a 1835, aka watsar da shi, sojoji suka zauna, ya zama kango. Sai ƙarshen shekarun 1920 wani masanin gini Leopoldo Torres Balbás ya ceto shi, aka buɗe otal a 1945. Ni a ganina kuɗin masu kwana ne ke riƙe da bangon nan, gara haka da a bar wa jemagu. Ya yi shiru ya ce to Auta, da masallaci ne aka zuba gadaje a ciki ana raba giya a tsakar gida, haka za ki ce? Gaskiya nan na kasa cewa komai, don na san da ni ce ta farko da za ta cika Facebook da hayaniya. Har yanzu ina kan ra'ayina na cewa gara a gyara da a bari ya rushe, amma tambayar nan tasa ta ƙi fita a kaina, kuma na lura ya cinye kifinsa tas bai ce mu canza otal ba.

Gobe in Allah ya kai mu za mu haura unguwar Albaicín, akwai babban masallacin da aka buɗe a 2003 yana fuskantar Alhambra, Yaya na so mu yi azahar a can kafin jirgin yamma. An ce hawan ba wasa, kuma takalmin da na zo da shi mai tsini ne, sai dai in ga ko zan samu silifas a hanya.