Ƙira tsakanin lu'ulu'u biyu

Da na dawo Gusau daga Faransa, kawuna, wanda maƙeri ne a Ƙaura Namoda, ya tambaye ni aikin da ya kai ni can. Na ce masa, "Kawu, ƙira ce irin taku, sai dai uwar maƙerarmu lu'ulu'u ce, ƙarfen da muke sarrafawa kuma bai kai kaurin silin gashi ba."

A cibiyar binciken kimiyya ta Turai mai suna ESRF da ke birnin Grenoble na Faransa, ana zagaya da elektron, ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, cikin wani zobe mai kewayen mita 844 domin samar da hasken eksire, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, amma mai ƙarfi nesa ba kusa ba. Mukan sa ɗan ƙarfen a ramin da aka huda jikin faifan wani ƙarfe mai tauri da ake kira reniyam, tare da ƙwayar yakutu wadda haskenta ke nuna yawan matsin, sannan mu matse shi tsakanin kawunan lu'ulu'u biyu. Hasken lesa ne zugazuginmu. Idan eksire ya ratsa ƙarfen, sai ya zana zobba a allon na'ura, daga su ne muke karanta yadda ƙwayoyin zarra suka jeru.

Da matsin ya kai wajen gigafaskal 13, wato ninkin nauyin iskar da ke kanmu sau 130,000, na ga sababbin zobba sun bayyana, alamar ƙarfen ya sauya tsari, kuma har yau jikina yakan yi sanyi idan na tuna. A can tsakiyar cikin duniya matsin ya kai kusan gigafaskal 360, kuma a wannan cibiya ce, a 2013, aka kimanta zafin kusa da can da digiri 6,000 a ma'aunin Salshiyas.

A dare na biyu gaggawa ta sa na ƙara ɗaurin matsi ban tabbatar fuskokin lu'ulu'un sun daidaita ba. Na ji ƙas, ɗaya ya tsage, shirin kwana uku ya tafi. Tun daga nan nake duba daidaiton kafin kowane ɗauri, nake kuma sake tabbatar da cewa lesa da eksire wuri ɗaya suke sauka, domin zafi yakan gusar da madubai masu saita hasken lesa, mutum ya auna gefe mai sanyi yana zaton tsakiya ce.

Har yanzu babu irin zoben ESRF a Afirka, abin da ke damuna ƙwarai. Bayanan dai suna cikin kwamfutata, kuma ni da ɗalibaina biyu muna tantance zobban ɗaya bayan ɗaya a nan Gusau.