Wi-Fi ya kama amma babu intanet: ta ina ake fara dubawa?

Alamar Wi-Fi ta cika fal a saman waya, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. A nan ne yawancin mutane ke ta kashe Wi-Fi suna kunnawa, ko su matsa kusa da rautar (akwatin da ke rarraba Wi-Fi), alhali ba nan gizo ke saƙar ba. Cikar alamar abu ɗaya kawai take nunawa: wayarka da rautar suna jin juna. Ko rautar tana jin kamfanin da ke ba ka intanet, wannan zance ne daban. Kamar famfon cikin gida ne: bututu lafiya lau, amma in ba a sako ruwa daga waje ba, komai murɗawarka ba za ka ga ɗigo ba. Aikin da ke gabanka shi ne gano inda hanyar ta yanke.

Fara da gwada wata wayar ko kwamfuta a kan Wi-Fi ɗin. Amma ka kashe datar sim kafin gwajin, domin waya kan sulale ta koma kan data ba ka sani ba, ka ɗauka matsala ta kau. Idan sauran na'urori suna aiki, ka ƙyale rautar, laifin na na'ura ɗaya ne. Sa ta manta da Wi-Fi ɗin, ka sake haɗawa da kalmar sirri. Kashe VPN, manhajar da ke karkatar da haɗinka ta wata saba, in akwai. Duba kwanan wata da agogo, domin in sun kauce sosai, shafukan da ke farawa da https za su ƙi buɗewa, burauza ta riƙa ƙorafin tsaro. Sannan ka duba adireshin IP, wato lambar da rauta ke ba kowace na'ura, da na'urar ta samu. Wanda ya fara da 192.168 ko 10 daga rauta ya fito. Wanda ya fara da 169.254 kuwa na'urar ce ta ba wa kanta bayan ta nema rautar ba ta amsa ba. A Windows, buɗe cmd, tagar rubuta umarni, ka rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew, domin ta sake nema.

Idan duka na'urorin gidan ne suka tsaya, sai a koma kan rautar. Kafin ka taɓa komai, tabbatar kuɗin wata ko datar ba su ƙare ba. Ba a son jin wannan, amma yana cikin dalilan da aka fi samu.

Fitilun gaban na'ura suna faɗin abubuwa da yawa. A akwatin fayiba, fitilar da aka rubuta wa PON ya kamata ta tsaya cak ba ƙyaftawa. In fitilar LOS ta kama ja, hasken da ke zuwa ta cikin siririyar wayar ya yanke: ko an lanƙwasa ta da yawa, ko bakinta ya saki, ko ta tsinke a waje. Babu saitin da zai gyara wannan. Miƙe lanƙwasar a hankali, ka tabbatar bakin ya shiga, in ba ta sauya ba aikin kamfani ne. Kada ka leƙa bakin wayar fayiba da ido. Hasken ba ya ganuwa amma yana iya cutarwa. Idan kuma modem (na'urar da ke karɓo intanet daga kamfani) daban, rauta daban, bi kebul ɗin da ya haɗa su. Dole ya shiga ramin da aka rubuta WAN ko Internet, wanda galibi launinsa ya bambanta da sauran. Sau da yawa bayan shara ko sauya wa na'urar wuri ake mayar da shi ramin LAN, na haɗa na'urorin cikin gida. Ɗan harshen robar da ke riƙe kan kebul ma yakan karye, kebul ya zauna kamar ya shiga alhali bai taɓa ba.

Kashewa da kunnawa yana aiki, amma da tsari. Zare modem da rautar duka daga wuta, ka jira kamar minti ɗaya. Kunna modem shi kaɗai, ka ba shi minti 2 zuwa 3 har fitilunsa su daina ƙyaftawa, sannan ka kunna rautar. Dalili shi ne da zarar rauta ta tashi take neman adireshi daga waje, in ta tarar modem bai gama shiri ba sai ta zauna hannu rabbana. Wasu modem ɗin kuma suna riƙe lambar MAC, wato lambar shaida, ta na'urar da suka fara gani, don haka wanda ya sauya rauta bai kashe modem ba zai sha jira.

In har yanzu shiru, shiga shafin saitin rautar. Adireshin da kalmar shiga suna kan takardar da aka manna a ƙarƙashinta, galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, da yawa daga cikin masu sim na Huawei kuma 192.168.8.1. Nemi inda aka nuna halin WAN, wato haɗin rautar da kamfani. Wannan layin shi ya fi kowane gwaji amfani. In ka ga 0.0.0.0 ko wurin babu komai, rautar ba ta samu adireshi daga kamfani ba. Duba nau'in haɗin: wasu kamfanoni DHCP suke amfani da shi, wanda ba ya buƙatar komai, wasu kuma PPPoE, mai buƙatar suna da kalmar sirri da su suka ba ka, ba ta Wi-Fi ba. Harafi ɗaya ya kauce, haɗin ba zai tashi ba. A rauta mai sim, abin dubawa shi ne APN, wato saitin datar kamfanin sim, da ko sim ɗin yana jiran PIN. Kada ka yi ta cankar PIN, kuskure uku ke rufe shi sai da PUK, lambar buɗewa ta kamfanin sim. Hanya mafi sauri ita ce ka sa sim ɗin a waya ka ga ko yana buɗe shafi.

Akwai wani tarko da ke kama masu ƙara rauta ta biyu a bayan akwatin kamfani. In adireshin WAN da na LAN duk sun fara da 192.168.1, rautar ba za ta bambance ciki da waje ba. Mayar da LAN ɗin rauta ta biyun 192.168.2.1, ka sake kunna ta.

To in WAN yana da adireshi mai kyau fa? Sai gwajin ping, umarnin da ake rubutawa a cmd don a ga ko adireshi zai amsa, sau uku a jere. Fara da adireshin rautar, sannan ping 8.8.8.8, sannan ping google.com. Na farko ya faɗi, matsalar tana cikin gida. Na biyu ya faɗi, tana tsakanin rauta da kamfani. In na biyu ya amsa na uku ya ƙi, intanet na nan, DNS ne ya mutu, wato sabar da ke mayar da sunan shafi zuwa lambobi. Shi ya sa wani lokaci wata manhaja ke aiki burauza na cewa babu hanya. Sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a gurbin DNS na rautar, sannan a kwamfuta ka rubuta ipconfig /flushdns. Idan kuma wasu shafuka na buɗewa wasu na tsayawa rabi a kan PPPoE, duba MTU, wato iyakar girman ƙullin bayanan da ake turawa: 1492 ya kamata ya zama, ba 1500 ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne cajar rautar. In ta tsufa, ko aka musanya ta da wadda ba ta kai ƙarfi ba, fitilu za su kama, Wi-Fi ya fito, amma haɗin waje ya riƙa faɗuwa, musamman a masu sim. Karanta abin da aka rubuta a jikin rautar, misali 12V 1A. Bolt ɗin (V) na cajar dole ya zo daidai. Amfiya (A) na iya fin haka amma kada ya gaza.

Ɗan ramin nan na Reset kuwa, a ganinmu shi ne na ƙarshe, ko da yake shi hannu ke fara kaiwa. Danna shi na kimanin daƙiƙa 10 yana goge komai, har da bayanan PPPoE da APN, ka wayi gari da matsala biyu maimakon ɗaya. Kada ka taɓa shi sai ka rubuta waɗannan bayanan ko ka ɗauki hoton shafin saitin. In kuma akwatin na kamfani ne, kira su tukuna, ka faɗa musu launin fitilar LOS, da abin da WAN ya nuna, da kuma wane ping ne ya faɗi a cikin ukun.