Tambaya ɗaya da ta ci mini shekara guda

Jiya na karɓi sa hannu na ƙarshe a takardar sallama, na miƙa kwafin kundina, na fito daga sashenmu na Tarihi. Shekara uku na yi a kan digirin da ake gamawa a shekara biyu. Waɗanda muka shigo tare sun san inda shekara ta ukun ta tafi, domin yawancinsu suna ɗakin semina ranar da abin ya faru. Ƙannenmu da suka zo daga baya kuwa labari suka ji, kuma na lura labarin ya sha gishiri a hanya. Saboda su nake wannan rubutu.

Kundina a kan 'yan Furitan ne, wato Kiristocin Ingila da suke ganin Cocin Ingila bai gama rabuwa da al'adun Katolika ba, suna so a tsarkake shi, da kuma yadda suka yi da masu saɓa musu bayan sun kafa garuruwansu a arewa maso gabashin Amurka ta yau. Babi na biyu ne ya kayar da ni. Na kai wa malamin da ke duba aikina, babin ya yi wata huɗu a ofishinsa. Kullum na je sai "dawo mako mai zuwa". Ana saura kwana uku a yi semina ya sa hannu a shafin farko ya ce, "Je ka, ba matsala." Na buɗe ciki, ko ɗigon jan biro babu. Na ɗauka aikin ne ya yi kyau.

Jigon babin shi ne wannan: mutanen da suka hau jirgin ruwa mai suna Mayflower daga Ingila zuwa Amurka a 1620 suna neman 'yancin addini su ne suka juya suka kori wani limami, Roger Williams, da wata mata, Anne Hutchinson, saboda sun saɓa musu a aƙida, don haka munafukai ne. Na yi bayanina, aka yi tambayoyi kaɗan. Wata Dakta da ke koyar da tarihin Turai ta bari sai da kowa ya gama, sannan ta ce, "Malam, mutanen Mayflower ne suka kori Williams?" Na ce, "E, ranki ya daɗe." Ta ce, "A wace kotu?" Na nemi amsa a kaina na rasa.

Ashe na haɗa al'umma biyu na mayar da su ɗaya. Mutanen Mayflower, fasinja 102, sun sauka a Plymouth. Jagororinsu 'yan a-ware ne, sun yanke hulɗa da Cocin Ingila baki ɗaya, sun bar ƙasar tun 1608 zuwa Holan, suka zauna a garin Leiden. Kusan rabin waɗanda suka sauka sun mutu a hunturun farko. Waɗanda suka kori Williams kuwa mutanen Massachusetts Bay ne, masu takardar izinin Sarki Charles na Ɗaya ta 1629, waɗanda John Winthrop ya jagoranta a 1630 da jirage 11 suka kafa Boston. Su ba su ce sun fita daga Cocin Ingila ba, gyara shi suke so su yi daga nesa. Sun fi mutanen Plymouth yawa da kuɗi nesa ba kusa ba, domin kafin 1640 kimanin mutum 20,000 ne suka ƙetaro zuwa yankin. Babbar kotunsu ce ta yanke wa Williams hukuncin kora a watan Oktoba na 1635. Plymouth da gwamnanta daban take, ba a haɗe su ba sai a 1691.

Kuskurena ne, ban taɓa musu ba. Abin da har yau bai bar raina ba shi ne abin da ya biyo baya. Shugaban sashe ya juya ga malamina ya ce, "Farfesa, ka ga wannan?" Malamina ya gyara zama ya ce, "Na faɗa masa ya gyara, yaran yanzu ba sa jin magana." Kwafin da ya sa wa hannu yana cikin jakata a lokacin, fari tas. Na kai hannu kan jakar, na tuna cewa shi ne zai sa hannu a sauran babi uku, na janye hannuna. Aka ce in sake babin, in jira zagayen semina na gaba. Zagayen ya faɗa cikin wata shekarar karatu, na sake biyan kuɗin makaranta da kuɗin da na tara don aure.

Bayan mako biyu na samu ƙarfin halin zuwa ofishin Dakta. Na zaci za ta ƙara maimaita mini batun Plymouth da Boston, sai ta ce wannan ƙaramin kuskure ne, taswira za ta gyara shi. Babban yana cikin kalmar munafunci. Ta ce, "Nuna mini inda suka yi alkawarin 'yanci ga kowa, sai in yarda sun karya alkawari." Na yi wata uku ina nema, ban samu ba.

Abin da na samu ya fi wanda nake nema nauyi. 'Yan Leiden suna da 'yancin ibadarsu a Holan, ba wanda ya hana su. Talauci ne ya tayar da su, da ganin 'ya'yansu suna rikiɗa suna zama 'yan Holan, da tsoron yarjejeniyar tsagaita wuta tsakanin Holan da Sifen da za ta ƙare a 1621. Su kuma mutanen Winthrop lallai sun sha matsi a Ingila, musamman a hannun William Laud wanda ya zama Akbishop na Canterbury, wato babban limamin Cocin Ingila, a 1633. Amma abin da suka ƙetare teku dominsa shi ne su gina gari inda coci zai kasance yadda suka yi imani Allah yana so, ba garin da kowa zai yi abin da ya ga dama ba. Tun 1631 suka yi doka cewa sai cikakken ɗan coci ne zai yi zaɓe. Wani limaminsu, Nathaniel Ward, ya rubuta a 1647 cewa 'yancin da masu wata aƙida suke da shi a wurinsu shi ne 'yancin yin nesa da su. Ba su ɓoye wa kowa ba. A ganinsu sun ƙulla alkawari da Allah a matsayin al'umma, in suka bar ɓata ta yaɗu azaba za ta sauko wa gari duka. Wanda bai fahimci wannan tsoron ba, ba zai fahimci hukuncinsu ba, ko da kuwa ya ƙi hukuncin kamar yadda na ƙi shi.

Shi kansa Williams na yi masa gurguwar fahimta. Na zana shi a matsayin mai sassauci, wanda addini bai dame shi sosai ba. Alhali da ya iso a 1631 aka ba shi aikin koyarwa a cocin Boston ya ƙi, saboda cocin bai fito fili ya rabu da Cocin Ingila ba. Ya fi masu korarsa tsauri. Daga tsaurin nan ne ya kai ga cewa mai mulki ba shi da hurumin hukunta mutum a kan abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, domin ibadar dole ƙazantar da coci take yi. Ya ƙara da abin da ya fi tayar wa hukuma hankali: sarkin Ingila ba shi da ikon ba da ƙasar da ba tasa ba, sai a saya daga masu ita. Da ya ji za a kama shi a mayar Ingila, ya tsere a watan Janairu na 1636 cikin dusar ƙanƙara, ƙabilar Wampanoag ta ba shi mafaka. A nan ne Plymouth ta shigo labarin, kuma ba yadda na rubuta ba: gwamnanta Edward Winslow ya aiko masa cewa inda ya fara zama yana cikin iyakarsu, ba sa son ɓata wa Boston rai, ya ƙetare kogi. Ya ƙetare, ya samu fili daga sarakunan Narragansett, Canonicus da Miantonomi, ya kafa garin Providence, a yankin da daga baya ya zama Rhode Island. A littafin da ya buga a Landan a 1644, wanda majalisar dokoki ta sa aka ƙona, ya ambaci Yahudawa da maguzawa da Turkawa, wato Musulmi a bakin Turawan wancan zamani, ya ce duk a bar su da ibadarsu. Ranar da na karanta wurin nan na daɗe ban juya shafi ba.

Anne Hutchinson ta fi ba ni tausayi. Ungozoma ce, ta iso Boston a 1634, tana tara mata a gidanta suna bitar wa'azin Lahadi, har maza suka fara zuwa. Ta zargi yawancin limaman da koyar da cewa aiki nagari hujja ce ta samun tsira, maimakon rahamar Allah kaɗai. A watan Nuwamba na 1637 ta tsaya gaban kotu kwana biyu, Winthrop na tambaya tana mayar masa da ayoyin Baibul, suka rasa inda za su kama ta, sai da ta faɗa da bakinta cewa Allah yana yi mata wahayi kai tsaye. Aka kore ta, coci ya fitar da ita a Maris na 1638. A 1643 aka kashe ta da yawancin yaran da ke tare da ita a yankin 'yan Holan, inda birnin New York yake yanzu, a yaƙin da ake yi tsakanin Turawa da 'yan asalin ƙasar. Ranar da aka fitar da ita daga coci wata mata ta tashi ta bi ta zuwa ƙofa. Sunanta Mary Dyer. Ita ce daga baya ta shiga ɗarikar Kweka, wata ɗarikar Kirista da 'yan Furitan suke ɗauka ɓata ce, ta yi ta komawa Boston duk da dokar 1658 da ta tanadi kisa ga ɗan Kweka da aka kora ya dawo, aka rataye ta ranar 1 ga Yuni, 1660. Mutum 4 aka rataye a kan wannan doka kafin Sarki Charles na Biyu ya aiko da umarnin a daina a 1661. Williams ya tsani aƙidar 'yan Kweka, har ya tuƙa kwalekwale zuwa garin Newport na Rhode Island a 1672 yana dattijo don ya yi muƙabala da su, amma bai taɓa neman a kore su daga Rhode Island ba. A kan wannan na gina sabon babina, kuma shi ne babin da mai jarrabawa daga waje ya ce a fitar da maƙala daga cikinsa.

Ga ƙannena, sauran abin da zan ce gajere ne. Ku zana taswira da jerin shekaru kafin ku rubuta jimla ɗaya ta ra'ayi. Ku karanta abin da mutanen suka rubuta da hannunsu, bayanan shari'ar Hutchinson suna intanet kyauta. Babin da ya dawo muku babu jan biro, ku ɗauka ba a karanta shi ba, ku kai wa wani. Duk abin da kuka miƙa, ku ajiye kwafi mai kwanan wata. Kuma in za a raba ku ga malamai, ku tambayi waɗanda suka gama, kada ku tambayi waɗanda har yanzu suke jiran sa hannu, su ba za su iya faɗa muku gaskiya ba.

Ranar kare kundi, da mai jarrabawa ya yaba wa babi na biyu, malamina ya yi murmushi ya ce shi ya ɗora ni a kan wannan hanya tun farko. Dakta tana zaune a gefe, ba ta ɗago kai daga takardarta ba. Na ce, "Na gode, Malam." A shafin godiya na ba shi layi ɗaya kamar yadda ƙa'ida ta ce, ita kuma na ba ta sakin layi guda. Kwafin nan mai sa hannunsa yana nan a akwatina, ban yar ba. Taswirar da na zana ta Plymouth da Boston da Providence kuwa na manna ta a bangon ɗakin karatun ɗaliban digiri na biyu, kusa da taga, wanda yake so ya ɗauka ya yi hoto ya mayar.