Na daina yi wa ƙanwata dariya kan waƙoƙin Koriya

Ni fa da farko tsokanar ƙanwata nake yi. Yarinya ko gaisuwa ba ta iya da yaren Koriya ba amma ta raba dare tana bin waƙa tiryan-tiryan har da lumshe ido. Ranar nan na ce ke miƙo wayar nan in ga abin da ya tafi da imaninki, sai ta kunna min bidiyon ƙungiyar mawaƙan BTS, ba ma na waƙar ba, na atisayen rawa. Ɗaki ne kawai da madubi, samari bakwai da kayan zaman gida, ba fitilu ba kwalliya, kana jin ƙarar takalmansu kamar ƙafa ɗaya ce ke takawa. Wallahi sau uku na maimaita ina neman wanda zai kuskure ban samu ba.

Ashe abin ba baiwa kaɗai ba ce, masana'anta ce guda. Kamfani ke ɗaukar yaro tun yana ɗan sakandare ya ajiye shi a gidan kwana, a koya masa rawa da waƙa da Turanci ko Japananci, har yadda zai yi murmushi gaban kyamara, kowane wata a yi masa gwaji, wanda bai taɓuka ba a sallame shi ya koma gida da shekarunsa da suka tafi a banza. Jihyo ta ƙungiyar Twice shekara 10 cur ta yi a haka kafin ta fito a 2015. Shekara 10 fa! Seo Taiji da abokansa ne suka buɗe ƙofar wannan salon waƙa a 1992, amma Lee Soo-man na kamfanin SM shi ya maida abin tsari da ya fito da ƙungiyar H.O.T. a 1996, sai kamfanonin YG da JYP suka biyo sahu. Bayan tattalin arzikin Koriya ta Kudu ya durƙushe a 1997 gwamnatin shugaban ƙasa Kim Dae-jung ta ga ai waƙa da fim ma haja ce kamar mota da talabijin, ta zuba musu kuɗi. Saura kuma kowa ya sani, waƙar Gangnam Style ta mawaƙi PSY a 2012 ita ce ta fara kai kallo biliyan 1 a YouTube, BTS suka hau saman jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na Billboard a Amurka a 2020, ƙungiyar 'yan mata ta Blackpink suka zama manyan baƙi a bikin waƙa na Coachella da ake yi a Amurka a 2023.

Amma ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Mutanen nan ba waƙa suke sayarwa ba, shaƙuwa suke sayarwa. Ka duba yadda suke yin faifai, a zamanin da ba wanda ke da abin kunna faifai. Kwali ne mai kyau da littafin hotuna, a ciki an saka ɗan kati mai hoton mutum ɗaya daga cikin ƙungiyar, kuma ba ka san na wa za ka samu ba sai ka ɓare ledar. In ba gwaninka ya fito ba sai ka sake saye, ko ka shiga neman musaya a intanet. Akwai masu sayen gomomi saboda kowane faifai ƙuri'a ce ta samun zama gaban mawaƙin na ɗan lokaci ya sa musu hannu. Dabara iya dabara, ban san ko in yaba ko in tsorata ba.

To wanda ya zuba kuɗi haka sai ya ga kamar ya mallake ka. A 2024 Karina ta ƙungiyar aespa sai da ta rubuta wasiƙar ban haƙuri da hannunta, laifinta kawai an gano tana soyayya, har mota mai allo wasu masoya suka tura ƙofar kamfanin suna tambayar wai son da suke mata bai ishe ta ba ne. Budurwa mai shekara 23! Kamfanonin ma ba kanwar lasa ba ne, a 2009 mutum uku daga ƙungiyar TVXQ suka maka SM a kotu kan kwantiragin shekara 13, a shekarar ne hukuma ta ƙayyade shi kada ya wuce 7. Ga mawaƙi Jonghyun da ya rasu a 2017, da mawaƙa mata Sulli da Goo Hara a 2019, dukkansu ba wanda ya kai 30, kuma 'yan matan biyu sun sha zagi a intanet ba kaɗan ba.

Na zayyana wa ƙanwata duk wannan ina jiran ta ce ta tuba. Ta kalle ni ta ce Yaya ai mun fi ka sani, mu ne fa muke faɗa da masu zagin. Wai lokacin da Jin na BTS ya tafi aikin soja na dole a Disambar 2022 har kalanda ta buɗe a waya tana ƙirga wata 18 ɗin kwana-kwana. Ta karɓe wayarta, ni kuma na ce kafin ki tafi turo min bidiyon atisayen nan.